Allurar da Ta Ƙi Motsi

Tashar awon ruwa,
Litinin.

Auta,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ke da maigidanki da yara. Ya makaranta, ya ɗalibai? Ina fata kin rage yi musu tsawa irin wadda kike yi mana a gida tun ba ki kai tsawon tebur ba.

Kin san ba na rubutu sai da dalili, to dalili ya samu. Wannan takarda ki karanta ta ke kaɗai, ko matata, antinki, ban faɗa wa ba.

Aikina kin san shi. Safe da yamma in gangara bakin kogi in duba sandar awo, in hawo in faɗa wa mutanen dam ta oba-oba yawan ruwan da ke tafe musu, su san ƙofa nawa za su buɗe. Shekara ashirin da bakwai ke nan, saura wata biyar in ajiye aiki, kuma ko ɗigon jan biro babu a fayil ɗina. Shi ne yanzu na wayi gari na ƙona kayan hukuma.

Kwana goma sha biyu da suka wuce aka kawo mana sabuwar rediyo. Yaran da suka ɗaura ta sauri suke yi, ina can bakin ruwa suka gwada abarsu, kafin in hawo sun tada mota. Washegari na ga wayar batir ba ta ɗauru yadda nake so ba, na ɗauko sifana. Hannu ya goce, wuta ta yi tartsatsi, fis ya tsinke. Na sa wani, rediyo ta kama, har ina jin mutanen dam tar kamar muna ɗaki ɗaya. Amma da na danna makirfo, allurar mita ko gezau. A tsohuwar, kana dannawa allura za ta miƙe tun ba ka buɗe baki ba. Maigidan da ya koya mini aiki abu na farko da ya dasa mini shi ne: kada ka yi magana sai allura ta tashi, wanda ya yi wa matacciyar rediyo magana da bango yake hira. Na danna ya fi sau ɗari. Kunnenta lafiya, bakinta na kashe.

Yanzu da sabuwa nake saurare, da tsohuwa nake magana, don ita tsohuwar tun da dam suka sauya tasu take kawo mini muryoyinsu kamar kukan agwagi. Mai Tari, wato ma'aikacin rediyon dam, kullum sai ya ce muryata ba ƙarfi, kuma akwai wani fito a ƙarƙashinta. Na ce masa iska ce. Ni da furfurata, ƙarya nake shararawa safe da yamma. Ga tsohuwar da cin batir, ranar da hadari ya rufe sola da kyar nake kai ƙarshen awo.

Ƙarshen wata Manaja zai aiko a ɗauke tsohuwar. Ke kike koyar da wannan fanni a kwaleji. Ki samo mini mai gyara mai riƙon sirri, ya biyo Direba ranar da yake kawo mana kaya, ya zo a matsayin baƙona. Nan sabis ɗin waya ko an hau dutse sai ya ga dama, amsa ki ba Direba.

Ki shafa mini kan yara. Allah ya rufa mana asiri.

Yayanki.

*

Laraba.

Yaya,

Wa alaikumus salam. Mun gode da gaisuwa, kowa lafiya, yara suna tambayar kawunsu mai kogi.

Ka yafe mini, amma a ofis na karanta takardarka, na yi dariya har malamin da ke teburin kusa ya miƙo mini ruwa. Sai da na je gida na sake karantawa, na tuna kwana goma sha ɗaya ka yi da wannan abu a ciki kai kaɗai, dariyar ta koma tausayi. Ka kwantar da hankalinka. Ba zan turo mai gyara ba, don ina da yaƙinin babu abin gyarawa. Fis ya yi aikinsa, ya mutu a madadinta. Agwagin nan da ka ambata a gefe su suka warware mini komai.

Bari in yi maka karatun da nake yi wa 'yan shekarar farko, ka yi haƙuri da ƙanwa ta zama malama. Muryar mutum ba ta iya tafiya mai nisa a iska da kanta. Shi ya sa rediyo take haɗa wata igiyar lantarki mai kaɗawa da sauri ƙwarai, ba ta tsayawa, ni ɗan dako nake ce mata a aji. Idan ka yi magana, muryarka ce ke sa tsayin igiyar nan ya riƙa kumbura yana sacewa daidai da yadda ka furta. To abin da ke fita ta eriya kashi uku ne: ɗan dako a tsakiya, sai kwafin muryarka biyu, ɗaya a damansa ɗaya a hagunsa. Maganar duk tana cikin na gefen nan. Shi na tsakiya ko kalma ɗaya ba ya ɗauke da ita, amma ko ihu kake yi, kashi biyu cikin uku na ƙarfin da rediyo ke fitarwa shi yake lashewa. In ka yi shiru ma yana nan yana fita. Shi allurar tsohuwarka take nunawa duk shekarun nan, shi ke shanye maka batir, kuma shi ne fiton da ya dami Mai Tari.

Sai masu ƙira suka ce, me ya sa za mu ciyar da wanda ba ya kai saƙo? Sabbin nan a cikin gida suke amfani da ɗan dako ya ɗaga murya, sannan su danne shi kafin a kai ƙofa. Wasu su aika gefe biyun, wasu ma gefe ɗaya kawai, ina jin irin taku ke nan. Rediyon da ke karɓa a can ita ke haɗa nata ɗan dakon, mai taku daidai da wanda aka danne, ta mayar da shi gurbinsa, magana ta fito. Tsohuwarka ba ta iya wannan ba, shi ya sa take ba ka agwagi. Ko sabuwar, in takun ya ɗan saɓa za ka ji mutum kamar ya toshe hanci, akwai ɗan ƙaramin abin murɗawa na daidaita wannan.

Ka ga inda zancen ya nufa? In ka danna ka yi shiru, babu abin da ke fita, allura ba ta da abin nunawa. Kai kana jiran ta motsa ka yi magana, ita tana jiran ka yi magana ta motsa. Rashin sani ne, kaza ta kwana a kan dami. Maigidanka gaskiya ya koya maka, amma gaskiyar tsohuwar rediyo ce.

Don Allah kana gama karanta wannan ka danna, ka ce wani abu, ko sunana ne, idonka a kan allura. In ba ta yi tsalle ba, ni da kaina zan biyo Direba da akwatin kayan aikina.

Ka huta lafiya, Allah ya ƙara girma.

Autarku.

*

Lahadi.

Auta, Malama, Injiniyar gidanmu,

Sallama da godiya wadda takarda ba za ta ɗauka ba. Allah ya yi miki albarka, ya ba ki masu yi miki yadda kika yi mini.

Ta yi tsalle! Bari in ba ki labarin daga farko, har da inda ba ya yi mini daɗi.

Direba ya miƙo mini takardarki yana sauri, ya sauke kaya ya juya. Na zauna a kan benci na karanta sau biyu, zancen gaskiya ban yarda ba. Na ce yarinyar nan boko ya yi mata yawa, ita da ba ta ga tartsatsin ba. Amma na shiga ɗakin rediyo don kada ki ce ban gwada ba. Na danna, allura tana kwance kamar kullum. Haushi ya kama ni, na ce, "To ke matacciya, ƙanwata ta ce wai in yi miki magana." Ina faɗa allura tana harbawa, kowace kalma da tsallenta. Na saki makirfo kamar na taɓa garwashi. Sai na ji tari, sannan muryar Mai Tari ta cika ɗakin: "Tasha ta Huɗu, muna jin ka kamar kana bayan kujerata. Wace ce matacciyar? Allah ya ji ƙanta, yaushe aka yi rashin?"

Auta, zama na yi a ƙasa. Ina dariya, hawaye na zuba, ni kaɗai a ɗaki. Na ce masa ta farfaɗo. Ya ce to madalla, kuma yau babu fito, iskar ta kwanta ke nan? Na ce ta kwanta. Rabon da in ci abinci in ji ɗanɗanonsa tun ranar sifana, ranar sai da na ƙara. Kwana shida ke nan ina aiki da ita, jiya wuni aka yi ana ruwa, rana ba ta leƙo ba, batir ko a jikinsa.

Ga inda tsugune ba ta ƙare ba. Kwanakin da nake jiran amsarki, kogi ya ƙaru da kusan mita ɗaya, ranar Juma'a tsohuwar ta mutu mini a tsakiyar awo, sai da na jira rana ta fito na ƙarasa. Na ce wannan ya wuce batun fayil ɗina, akwai mutane a ƙasan dam. Na zauna na rubuta wa Manaja cewa ni na ƙona sabuwar rediyo da gangancina, na ɓoye, na yi ƙarya, a kawo wata da gaggawa, hukuncin da ya dace a yi mini. Hannun da Direba ya ba ni takardarki da shi, da shi ya karɓi waccan. Da na daure na buɗe taki kafin ya tada mota, da yanzu ba wanda ya sani sai ni da ke.

Har yau Manaja bai ce uffan ba. Mutumin da ya kai ƙarar kansa kan laifin da ba a yi ba, me ake ce masa? Ina tunanin in sake rubutawa in roƙe shi ya yaga ta, magana ta mutu a teburinsa. Me kika gani?

Duk da haka barci nake yi yanzu har da minshari. Ki gaida maigidan da kyau.

Yayanki.

*

Talata.

Yaya,

Alhamdu lillahi. Na karanta wa maigidan wurin matacciya, ka yafe, sirrin ya fi ƙarfina. Har yanzu in ya tuna sai ya ƙyalƙyale.

Takardar da ka kai wa Manaja ba ta ba ni kunya ba, ita ce ma ta fi burge ni a labarin duka. Kada ka roƙi a yaga komai. Rediyo lafiyarta ƙalau, awo bai taɓa fashi ba, in akwai abin da ya rage ƙaryar iska ce, ita ma ka riga ka faɗa da bakinka.

Abu ɗaya ke yi mini yawo a kai. Tasha nawa ce a kogin nan? Yaran nan masu sauri kai kaɗai suka ɗaura wa? Kuma maigidan naka kai kaɗai ya koya wa aiki? Ni dai ban ce komai ba, kai ne babba.

Allah ya bar mana kai.

Auta.

*

Lahadi.

Auta,

Gaisuwa mai yawa, a gurguje, Direba gobe da wuri zai wuce.

Manaja ya maido mini takardata. A ƙasa ya rubuta layi ɗaya: babu ɓarna, babu hukunci, kuma ba za ta shiga fayil ba. Ke nan in na ja bakina, zan fita aikin nan fes.

Amma tambayarki ta hana ni sakat. Ranar Alhamis da safe, lokacin da tashoshinmu tara suke hawa layi, na ba da awona, sannan na ce Mai Tari ya ara mini minti uku. Na faɗa musu komai, sifana, allura, ƙaryar iska, da ɗan dakonki yadda na iya. Na ce duk wanda allurarsa ta ƙi tashi, ya danna ya yi magana kawai. Wani yaro a Tasha ta Biyu dariya ta hana shi cewa oba, wato ya gama magana. Na san wannan labari zai riga ni isa gari.

Can muka ji wata murya: "Tasha ta Bakwai ce. Kuna... kuna ji na?"

Dattijon Bakwai ne, tare muka koyi aiki. Sati biyar ke nan yana aiko da awonsa ta hannun masu kwale-kwale, wai guguwa ta karya masa eriya. Ba wanda ya amsa, har Mai Tari ko tarin bai yi ba. Na gane ni suke jira.

Na danna na ce, "Muna jin ka, ɗan'uwa. Ba mu awo."

Ya ba da awo, mita huɗu da rabi.

Ki gaida yara. Na gode, Auta.

Yayanki.