Kwalaben Taga

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya maigidan da yara? Ina fata Inna ta iso lafiya, kuma gwiwar nan ba ta matsa mata a mota ba.

Na san kin yi mamakin ganinta da jaka, ita da ta ce sai ta yi mini wata guda. Na kuma san ba za ta faɗa miki komai ba, iyaka ta ce katifata ce ta yi mata tauri. To ba katifa ba ce, Yaya. Bakina ne ya koro ta.

Kin daɗe kina tsokanata wai duk karatuna a kiwon gansakuka ya ƙare. Ban musa ba. A wurin aikinmu muna renon wata irin ƙaramar gansakuka a tafkunan siminti, wadda sai da madubin bincike ake ganin ƙwayarta, a murɗe kamar igiya. Hasken rana take so, da ruwa mai ɗan kanwa. Mu tace ta, mu busar, a yi garin da ake ƙara wa abincin yaran da suka rame. Irin namu an yi shekaru ana zaɓensa har ya saba da zafi. Da yake wutar lantarki ba ta da tabbas, kowannenmu yakan ajiye kwalaben gansakukar a tagar gidansa, ya toshe bakinsu da auduga, yana girgizawa safe da yamma. Uwar iri muke ce musu.

Makon jiya wasu ƙananan halittu suka shiga tafkunan suka cinye komai, ruwan ya koma ruwan ƙasa yana wari. Aka duba kwalaben sauran ma'aikata, duk sun kamu, domin kwanan nan suka ɗebo daga tafkin. Nawa ne kaɗai tsofaffi. Shugabanmu ya ce in garzaya gida in kawo.

Na tarar da su a kife a kan faranti suna ƙyalli. Inna ta wanke su tas da sabulu da soso, ta zubar da ruwan a kwata. Tana tsaye tana murmushi, tana jiran in yaba, har tana yi mini faɗan ƙazanta, wai mace kamata ta bar ruwa ya yi kore a ɗakinta.

Ban taɓa gaya mata mene ne a ciki ba. Amma na ɗaga mata murya. Na ce ta kashe mana aikin shekaru, na ce wanda bai san abu ba ya bar taɓawa. Ta goge hannunta da gefen zani ta shiga ɗaki, washegari ta ce a kai ta tasha.

Kunya ta hana ni kira. Don Allah ki dubar mini ita.

Ƙanwarki,
Auta

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, saƙo ya iso. Direban da kika aiko ya sauke kwandon kwalabe a ƙofa yana dariya, wai bai taɓa ɗaukar fasinjan ruwan kwata ba.

Na karanta takardarki ina kuka. Ashe tun da Inna ta koma take yawo da sanda, daga kwamin shayar da dabbobi zuwa gindin tankin unguwa, duk inda ta ga koren ruwa sai ta durƙusa ta ɗiba. Da wannan gwiwar! Ke ma da kika biye mata, Allah ya shirye ki. Abin da ya fi karya mini zuciya shi ne audugar. Kowace kwalba ta toshe bakinta da auduga, daidai yadda ta gani a tagata. Ashe ta lura.

Na kai su wurin aiki na duba a madubi. Babu namu ko ƙwaya ɗaya. Wasu dunƙulallu ne, wasu zare-zare, ɗaya ma har da 'ya'yan sauro. Irinmu ya tafi. Shugaba ya aika a sayo wani daga nesa, ba mu san ko zai jure zafinmu ba. Wannan na haƙura da shi.

Abin da ban iya haƙura da shi ba shi ne abin da kika ce, wai ba ta cin abinci sosai, tana cewa ta hana yaran mutane magani, kuma gobe ma za ta fita nema.

Yaya, ki ce mata an dace. Ki ce a ƙaramar kwalbar nan ta man gashi aka samu, kuma shugabanmu yana godiya. Allah ya yafe mini wannan ƙaryar. Shi ya sa na rubuto ban kira ba, kin san Inna tana jin ƙarya a muryata tun ina ƙarama.

Gafara kuwa da bakina zan zo in nema, ranar hutu. Kafin nan ki ɓoye mata sandar. Ki kuma gaya mata kwalabenta suna kan tagata, ina girgiza su safe da yamma. Wannan kam gaskiya ne.

Taki har kullum,
Auta