Takwararki da Ganyen Teku

Zuwa ga Inna, wadda ta riga mu gidan gaskiya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga uwa, da fatan kina cikin ni'imar Ubangiji, ƙara na kawo miki. Na zaɓe ki ne don ba za ki yi min dariya ba, ko da yake da kina raye ke za ki fara.

Takwararki Ummi ta yi wata uwar a Dubai. Maƙwabciyarmu ce a benenmu na unguwar Al Ras, ma'aikaciyar jinya 'yar Filifin, muna ce mata Anti. Mutuniyar kirki ce, kuma wannan ne ya fi ba ni haushi. Da muguwa ce da na huta.

Duk Asabar da safe idan ruwa ya janye, sai ta ɗauki Ummi su tafi bakin teku, ta riƙa nuna mata ganyen da ruwa ya watso. Yanzu yarinyar nan ta san mai ruwan ƙasa da 'yan ƙwallayen iska a jikinsa, ta san koren nan siriri kamar leda, ta san mai siffar mafici. Har sunayensu na garin su Anti take rerawa a kicin. Amma da na nuna mata busasshiyar yaɗiyar da aka aiko min daga Kano, cewa ta yi ko shayi ne.

Inna, ke kika riƙe hannuna a bayan gari da damina, kika raba min tafasa da lalo. "Kar ki tsinka sai kin murza kin shinshina," kullum haka kike cewa. Na ɗauka ni ma haka zan riƙe hannun tawa 'yar. Sai ga shi wata ce ta riƙe, a dajin da ban san ko ganye ɗaya ba.

Kishi ya sa na bi su ran nan. Na tattare abaya na shiga cikin duwatsu, ban tambayi kowa komai ba. Na ga wani kore mai santsi, na murza, na shinshina, na ji yauƙi. Raina ya ce ai wannan ɗan'uwan karkashi ne. Na cika leda a ɓoye. Da muka dawo na wanke, na jefa kanwa da daddawa, na tuƙa tuwo, don Ummi ta san uwarta ma ba baya ba ce.

Babanta ya kai loma ɗaya, yashi ya yi ƙaras a haƙorinsa, nan take wai ya tuna yana da kaya a unguwar Al Quoz, ya fice. Ummi ta leƙa tukunya, ta ce Anti ta ce na wannan gaɓar ba a ci, kallo kawai ake yi, don jiragen ruwa sun yi yawa, sun gurɓata wurin. Anti ta ce. A gidana, a kan tukunyata. Na zubar da miyar ina hawaye, kuma ba miyar nake wa kuka ba.

Jiya ina kaɗa miyar kuka sai Ummi ta tsaya a gefena. Ta ɗebi garin a tafin hannu, ta murza, ta kai hanci. Ban taɓa koya mata ba, ashe ta lura da ni a bakin teku. Ta ce in ba ta kaɗan ta kai wa Anti, don Anti ba ta san wannan ba. Na ƙulla mata da yawa, na ce ta gaya mata daga wajen kakarta ne. Na bi ta na laɓe a bakin ƙofar, har na ji Anti tana kokawa da sunan, Ummi tana gyara mata da irin muryarki.

Kishin bai tafi ba, Inna. Asabar za su koma, zan kuma bi su, amma da yaɗiya a jakata.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka makwancinki, Ya raya takwararki, Ya saka wa Anti da alheri. Wannan ta ƙarshen da ƙyar ta fito, amma da gaske nake.

Taki har kullum,
Uwar Ummi