Inda Baba Ya Sa Reza

Isevya, Tabora

Zuwa ga Yayata Kalunde,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da shikamo, gaisuwar girmamawa irin wadda ƙane yake yi wa yayarsa, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da mutanen gidan da kike yi wa aiki. Allah ya sassauta miki zafin ƙasar, ya ƙara miki ƙarfin jiki, ya sa albarka a guminki. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Gwiwar Mama ta yi sauƙi tun da ta fara shafa man da kika aiko, har ta koma zuwa kasuwa da ƙafarta, ko da yake tana tafe tana zagin hanya. Ruwa ya sauka da wuri, masara ta tashi, mangwaron tsakar gida ya yi 'ya'ya har reshe ɗaya ya karye. Ni ina nan a inuwata ta bakin tashar jirgin ƙasa ina facin keke kamar yadda kika bar ni.

Mwasi, wadda kuke aiki gari ɗaya, ita ce za ta kawo miki wannan, tunda hutunta ya ƙare za ta koma Maskat. Na zaɓi takarda saboda maganar ba ta waya ba ce. Lokacin da ake ba ki ranar Juma'a kaɗan ne, kuma Mama tana zaune a gefena tana zungura ta duk lokacin da na buɗe baki. Maganar a kan 'yarki Nyamizi ce. Kada gabanki ya faɗi, lafiyarta ƙalau, tana ci tana zuwa makaranta. Amma kin lura 'yan makonnin nan duk sanda kika kira sai mu ce ta tafi madarasa, ko tana gidan maƙwabta. Ba gaskiya ba ne, Yaya. Tana nan zaune a bakin ƙofa, ita ce take ƙin karɓar wayar.

Don ki gane dalili sai na mayar da ke rumfar kallon Baba, Allah ya jiƙansa. Kin tuna safiyar Asabar, ranar yara, muna jere a benci, janareta na ƙara a baya, shi kuma yana gefen talabijin da makirfo a hannu yana fassara mana fim. Turancinsa bai fi na neman hanya ba, amma ba a taɓa jin ya yi shiru ba. In ya rasa abin da aka ce sai ya sa wa kare sunan mai naman unguwa, ya sa zomo ya nemi ragi, rumfa ta ɗauki dariya. Kin kuma tuna katun ɗin ɗan jakin nan mai kunne ɗaya a karye, wanda Baba ya naɗi muryarsa a kan kaset ɗin saboda yawan roƙon yara. Inda ruwa ya ci gada, uwar ta riƙe igiya da haƙora har aka jawo amalanken da ɗanta ke ciki, sannan ruwa ya tafi da ita. A nan Baba yakan rage kiɗa ya ce kada kowa ya yi kuka, jaka ta iya iyo, ta haye can ƙetare ta sami aiki a gonar wani mai kuɗi, bayan girbi za ta dawo da buhun masara a bayanta. A ƙarshe kuma, da ɗan jakin ya girma ya tsaya a bakin kogi yana kallon nesa, sai ya ce ga ta can ya hango ta, kaset ne dai ya ƙare, ku tashi ku ba manya wuri.

Kaset ɗin da na'urar suna ɗakina har yanzu, ina goge mata kai da auduga. Da kika tafi Nyamizi ta yi ta kuka, na rasa yadda zan yi, sai na sa mata shi. Tun daga ranar ya zama abincinta. Ta haddace maganar kakanta har da tarinsa. In an zo wurin gada sai ta juyo ta gaya wa duk wanda ke kusa cewa ita ma mamanta ta ƙetare ruwa, tana aiki gidan mai kuɗi, za ta dawo da buhu. Mun ji daɗi, mun ce Baba yana renon jika daga kabari.

Ranar da abin ya faru tana wurin aikina tana miƙo mini gam. Sai ga Kitwana, ɗan Mama Sikitu mai suyar vitumbuwa, wato wainar shinkafa, riƙe da wayar yayansa. Ya ji tana ba wata yarinya labarin, ya yi dariya ya ce ƙaryar banza, jakar nan ta mutu, shi ya gani. Ta ce ƙarya yake, mai kai kamar tulu. Ya ce to ta zo ta gani. Kafin in goge hannuna ya riga ya nemo fim ɗin, ba muryar Baba a kai. Na leƙa ta bayansu da niyyar in kore shi. Yaya, akwai wani yanki da babu shi a kaset ɗin Baba. Bayan ruwa ya janye, dabbobin sun tsinci igiyar a maƙale a cikin ƙaya, suka kai ta gindin bishiya, kowa ya ɗauko dutse ya ɗora. Ɗan jakin ya kwanta a kan duwatsun ya ƙi tashi. Babu gona, babu mai kuɗi.

Ba zan ɓoye miki ba, ni na fara kuka. Ban san daga ina ya zo ba. Mama Sikitu ta leƙo daga bakin kaskonta ta ce jama'a ku zo ku ga ƙato da gemu yana zaman makokin jakar da aka zana da fensir, ta ce in na gama in faɗa mata ranar sadakar bakwai ta kawo vitumbuwa. Masu kekuna suka yi ta dariya. Amma da ta karɓi wayar ta kalla da kanta sai ta dungure wa ɗanta kai, ta koma tana juya kasko tana share ido da gefen kanga, zanen da ta ɗaura. Ita ma a bencin Baba ta girma. Nyamizi kuwa ko ɗigon hawaye ba ta yi ba. Ta kalla har ƙarshe, ta miƙa wa yaron wayarsa, ta ce mini tana jin yunwa.

Da na koma gida na buɗe kaset ɗin da sukundireba. Tun ina yaro na lura hoton yana yin tsalle a wurin nan, ana cikin ruwan sama sai kawai ga rana ta fito, na ɗauka tsufan kaset ne. Na jawo zaren a hankali har na iso wurin. An yanke shi da reza a karkace, an liƙe da jan farce, aikin mutum mai haƙuri. Na kai wa Mama. Ta daɗe tana dubawa, ta ce jan farcenta ne, har sun yi faɗa a kansa. Ta ce karon farko da aka nuna fim ɗin cikakke aka nuna shi, kina da shekarun Nyamizi na yanzu, kika yi kuka har zazzaɓi ya kama ki, kika riƙa bin ta har banɗaki kina riƙe da zanenta. Baba ya ce shi ba zai karɓi shilingin yara ya sayar musu da maraici ba. Ya yanke wurin, ya zaunar da ke ya ce kin yi kuskuren gani ne, ya sake nuna miki. Don ke aka yanke shi, Yaya. Duk yaran Isevya inuwarki suka sha.

Washegari na ga Nyamizi ta ɗauko kangar nan taki mai ruwan ganye da kika bari a kan ƙusa. Ta ninke ta, ta ajiye a gindin mangwaro, ta yi ta kwaso duwatsu daga bakin layin dogo a cikin siket tana jerawa a kai. Mama ta ɗauko tsintsiya tana salati, tana cewa wannan wane irin mugun fata ne, uwarki da ranta. Na riƙe hannun Mama na ce a bar ni da ita.

Ban yi mata faɗa ba. Na bari sai da aka kwana biyu muna cin ugali, tuwon masara, na tambaye ta. Ta ce ta gane yanzu, in manya suka ce mutum ya ƙetare ruwa ya tafi aiki, ya mutu ke nan, ba sa so yara su yi kuka ne. Na ce ai kina jin muryarta duk Juma'a. Ta ce Kaka ma tana jin muryarsa a cikin akwati, har tari yake yi, kuma ita ta san inda aka binne shi. Na ce ai har fuskarta kina gani tana motsi. Ta ce jakar ma tana motsi in an mayar da kaset baya. Na ce to takalman da ta aiko miki fa, matacce yana aike? Sai ta tashi ta ɗauko su, ta sa ƙafa ta nuna mini dunduniyarta a waje. Ta ce Kawu, mai rai ai ta san ƙafar 'yarta.

Kada wannan ya soke ki, ba laifinki ba ne, yara girma suke kamar masara, kin bar ta ƙafarta ba ta kai tafin hannuna ba. Na faɗa miki ne don ki ga yadda take lissafinta, kuma babu inda za ka kama shi ka ce ga kuskure. Abin da ya fi damuna ba duwatsun ba ne. Ta daina tambayar yaushe za ki dawo. Da in jirgin Darussalam ya yi kuka sai ta ruga bakin shinge tana duba masu sauka, yanzu ko kai ba ta ɗagawa. Da safe takan tsaya a gindin mangwaro ta ce shikamo Mama, ta ɗauki jakar makarantarta ta wuce. Ta yi haƙuri da ke irin haƙurin da ake yi da wanda ya riga mu, kuma ina ganin kullum haƙurin yana ƙara zama mata daidai a jiki.

Mama ta ce kada a gaya miki, kina ƙasar mutane ke kaɗai, kada a ɗora miki abin da ba za ki iya saukewa ba. Na bi ta da farko. Daga baya na ga mun ɗauki rezar Baba ne muna yanke miki. Shi don tausayi ya yi, Allah ya saka masa, kuma ƙaryar ta riƙe mu shekara da shekaru. Amma ramin ƙarya ƙurarre ne ko da ta tausayi ce, ga shi jikarsa ce ta iso ƙarshensa.

Kin ce mana wa'adin aikinki zai cika bayan ƙaramar salla, kuma kina so ki sake sa hannu na wasu shekaru biyu ba tare da kin zo ba, don kuɗin jirgi ya tafi a rufin ɗakin da kike ginawa. Na san abin da ginin nan ya ci miki. Ni ƙanenki ne, ba ni da bakin hana ki, kuma ba cewa nake ki bar aikin ba. Roƙona ɗaya ne, kada ki sa hannu sai kin zo, ko na wata guda ne. Bango zai jira, zan rufa masa leda kafin damina ta gaba. Gani ya kori ji, kuma yarinyar nan ta daina yarda da ji.

Shekaranjiya ta ce in sa mata kaset ɗin, karo na farko tun ranar. Da aka zo ƙarshe, Baba ya ce ga ta can ya hango ta, sai ta tambaye ni ko da kaset ɗin ya fi haka tsawo jakar za ta iso. Na ce a'a, ba za ta iso ba, Kaka ya faɗa ne don yana son mu. Na ce amma taki uwar tana da rai, kuma zan rubuta mata. Ta dube ni irin kallon da kike yi wa mai awo in ya danne mudu. Ta ce ita ba za ta je tasha ba. In da gaske ne, ki zo ki ɗauke duwatsun da hannunki.

Mama tana gaishe ki, ta ce in gaya miki ba da yawunta na rubuta ba, amma ita ta ba ni kuɗin ambulan. Kawu Mlewa da iyalinsa suna gaisuwa, ya ba Mwasi kwalbar zuma ta kawo miki. Mama Sikitu ta ce a gaishe ki, ta ce ki yafe wa ɗanta, kansa ne babba ba hankalinsa ba. Ki gaishe da Tatu da sauran 'yan gida da kuke haɗuwa. Na tambayi Nyamizi ko tana da saƙo, ta ce ta riga ta gaishe ki da safe.

Duwatsun suna nan. Na hana kowa taɓawa, Mama ma kewaye su take yi in tana shara. Ruwa ya fara cin launin kangar.

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanenki,
Msabila