Ƙarar Bututuna Za Ta Kori Surukata

Gwaggo Saude, don girman Allah ki duba lamarina ki ba ni shawara da wuri, domin surukata ta ɗaure kayanta, kuma wai ni na jawo. Kada ki buga sunana.

Ni magidanci ne a nan Haɗeja, da mata da 'ya'ya mata biyu. Sana'ata sayar da bututun roba ga masu noman rani a fadama, in yanka musu, in haɗa. 'Yan'uwana sun laƙaba mini suna, wai Fara-ka-bari, don na taɓa haƙa ramin kifi ban zuba kifi ba, na kuma sayi kayan haɗa sabulu suka bushe a ɗaki. Ba wanda ke faɗin cewa ambaliya ce ta cike ramin. Sunan nan ya bi ni har ƙofar masallaci. Ana dariya ina taya su, amma wallahi yana mini ciwo.

Bayan ƙaramar Sallah babbar 'yata Adila ta ga yaran maƙwabta da abin wasa mai harba kibiyar soso, ta tasa ni gaba. Na duba a waya na ga mutane na yin irinsa da bututu, ga shi kuwa gutsattsarin bututu sun cika bayan shagona. Nan na ƙudura a raina cewa wannan karon sai na ga ƙarshensa.

Bari in yi miki bayani, don ki san ba shirme nake ba. Abin kamar famfon keke yake. Akwai bututu mai faɗi, a cikinsa akwai siriri mai kai, wanda makanikai za su kira fistin. A bayan kan akwai sifirin, wato naɗaɗɗiyar wayar ƙarfen nan mai matsewa ta miƙe. In ka ja fistin baya, sifirin ya matse, wata 'yar tsaga da na yanka ta maƙale. In ka saki, sai ya ruga gaba ya tura iska, iskar ta fitar da kibiyar. Faɗa da baki ba wuya. Na fara da sifirin tsohuwar lema, kibiyar ta faɗo a kan ƙafata. Na sa na jikin babur, ya fasa murfin gaban bututun. Iska kuma ta yi ta zurarewa ta gefe, na naɗa tsumma, na gwada fatar famfo, sai da na yanko zobe daga tsohon tib na taya na goge shi da sanfefa na shafa masa ɗan mai, sannan ya zauna daidai. Yatsuna duk yankan zarto ne. Ranar da kibiyar ta tsallake tsakar gida ta bugi ƙofar zaure, na ji daɗin da ban ji ba tun haihuwar Adila. Na sassaƙa masa mariƙi na katako, na sa kunama, na shafe shi da baƙin fenti da ya rage mini. Amma ba bindiga ba ce, Gwaggo, soso ne yake fita.

To ga inda gizo ke saƙar. Mahaifiyar matata, Ya Falmata, tana zaune tare da mu tun da ruwan bara ya ci rabin gidanta a wajen Kirikasamma. Asalinsu mutanen bakin Tafkin Chadi ne, rikicin nan da kowa ya sani ya taso su. Ɗanta Fannami ya fita kamun kifi a ranar da aka shiga garinsu, har yau ba labari. Duk na san wannan, amma ban taɓa haɗa shi da abin wasan yara ba.

Rannan da la'asar na so in ji ƙarfin sabon sifirin, sai na ja na saki ba kibiya a ciki. Ya ce tas, har ni sai da na zabura. Tsohuwa tana sheƙar shinkafa a gindin rumfa. Ta saki faifan, ta kife a ƙasa ta rufe kai, tana kiran sunan Fannami. Da ta ɗago ta gan ni tsaye da baƙin abu a hannu. Kallon da ta yi mini ba na fatan in sake ganinsa.

Tun ranar ba ta fitowa in ina gida. Ta ce ranar kasuwa mai zuwa za ta hau mota ta koma gidanta, ta gwammace ta kwana a ɗakin da ya rage. Na ga ɗakin nan da idona, katangarsa ta sha ruwa ta tsage, ga damina ta kankama, kogi kuma yana ta ƙaruwa.

Kin san al'adarmu, ba na iya zama in yi doguwar magana da surukata, ko ido ba ma haɗawa. Don haka nake aika matata da bayani. Na ce ta gaya mata soso ne, ko ƙuda ba zai kashe ba. Na ce ta gaya mata iska ce ke turawa, ba albarushi. Har na ce ta roƙe ta ta fito in nuna mata yadda yake aiki, tsoron ya fita. Matata tana shiga ta fito da jan ido, ta ce ta faɗa. Ban san abin da take faɗa ba, ni dai ƙullin kayan bai kwance ba. Yayana kuwa ya ce in karya abin kowa ya huta, yana maganar yana murmushi, na kuma san abin da murmushin ke nufi.

Ba zan karya ba, Gwaggo. Saura kaɗan ya kammala, tsagar ce kawai take suɓucewa wani lokaci. Amma kuma in katangar nan ta faɗa wa tsohuwa, da wane ido zan dubi matata? Ta yaya zan fahimtar da ita cewa ba bindiga ba ce?

Mai Bututu, Haɗeja

Amsa:

Mai Bututu, na karanta takardarka, kuma ba zan ce ka karya ba. Wanda ya yi ta fama da sifirin har ya samu wanda ya dace, ya yanko zobe da hannunsa iska ta daina zurarewa, ya nuna yana iya kai abu ƙarshe, ko yayanka ya yarda ko bai yarda ba. Yi wa 'yarka abin wasa da hannunka abin yabo ne.

Sai dai ka yi ta nanata mini cewa ba bindiga ba ce, alhali kai ne ka sassaƙa mata mariƙi, ka sa kunama, ka shafa baƙin fenti. Me kake so mai kallo ya gani? Ya Falmata ba rashin fahimta ke damunta ba. Na tabbata ta san soso ne. Jikinta ne ya tuna abin da ya taɓa ji, kuma jiki ba ya jiran bayani. Duk saƙon da ka aika kana nuna mata kuskurenta ne, ita kuwa ba ta yi kuskure ba. Matarka ma ka tausaya mata, ka sa ta tsakanin uwa da miji da saƙon da ba ya faɗuwa. Ina zaton tana shiga ne su yi kuka tare ta fito.

Abu na farko, yau ɗin nan ka fitar da abin daga gidan, a cikin buhu, ba a hannu ba. Maganar a fito a nuna mata kuwa ka binne ta gaba ɗaya.

Sannan ka canza saƙo. Ba bayani za ka kai ba, haƙuri za ka bayar. Kunyar suruki an yi ta ne don girmamawa, kuma ba ta hana ka durƙusa a bakin ƙofa, labule a sake, ka ce ka tsorata ta, ba da nufi ba, ka fitar da abin, gidan nan gidanta ne. Gajeriyar magana ce, ba sai kun haɗa ido ba. In bakinka ya yi nauyi, ka nemo wani dattijo daga danginta ya zauna a tsakani, amma ta ji muryarka da kunnenta. Kada ka kawo zancen katanga don ka tsorata ta ta zauna, tsoro ya ishe ta haka.

Game da aikin naka, na tambayi wanda ya saba da irinsa. Ya ce ƙarar nan kan fistin ne ke dukan murfin gaba da dukkan ƙarfinsa, domin in ba kibiya a ciki ba abin da ke tare iskar ya rage masa gudu. Haka ma ake fasa murfi. Ka yanko tafin tsohon silifas ka manna a gaban kan, ka rage ƙarfin sifirin, kuma kada ka ƙara saki ba kibiya. Baƙin fentin nan ka kankare shi, ka shafa rawaya ko kore mai haske. Wannan ba don tsohuwa kaɗai ba ne. A zamanin nan wanda aka hango da baƙin abu mai kunama a bakin shago, ba kowa ne zai tsaya tambayarsa ko soso ne a ciki ba. Ka kuma koya wa Adila cewa ba a saita shi a fuskar kowa, domin soso ma yana yi wa ido lahani.

A shago za ka ƙarasa, can yaran za su riƙa wasa da shi. Wataƙila wata rana Ya Falmata ta ce a kawo ta gani, wataƙila kuma har abada ba za ta ce ba. In ba ta ce ba, ba ka fasa komai ba, ka gama aikinka ne a inda ya dace.

Kai ka fi ni sanin cewa bututun roba ko ya shekara a cikin ruwa ba ya ruɓewa, saboda haka tsagar da ke suɓucewa za ta jira ka. Motar ranar kasuwa ce ba za ta jira ba. Ka ajiye zarto ka je bakin ƙofar nan kafin magariba.

Allah Ya sanyaya zuciyar Ya Falmata, Ya ba ta labarin alheri game da ɗanta, kai kuma Ya sa albarka a hannunka da gidanka.

Gwaggo Saude