Baƙin Ɓawo a Kan Jinka

Dutsin-Ma

Baba,
Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da ladabi, a gaida Inna. Ga gwangwanin robar da nake dafawa a jami'a. Tana da sinadarin fosforos, in ta ji wuta ba ta kamawa, kumbura take ta yi baƙin ɓawo. A injin gwaji ta jure zafi, amma malamina ya ce ba zai sa min hannu a kan binciken ba sai ta jure a kan ciyawa. Tun da rumbunmu ya ƙone bara ban huta ba. Ka shafa wa jinkar sabon rumbu, in zo mu sa mata wuta.
Ɗiyarka, Hafiza.

Barkiya

Hafiza,
Wa alaikumus salam, kowa lafiya. Na shafa don ke, warinta har awaki ya kora. Amma wuta da gangan a kan hatsi, ba a gidana ba. Da hannuna na kwashe tokar geron bara, har yau zuciyata ba ta daina zafi ba. Allah ya yi miki albarka.
Babanki, Ashafa.

Barkiya

Hafiza,
Bayan gaisuwa, kada ki tsorata. Kawunki Ummaru ya ƙona karan gonarsa, iska ta juyo mana. Wuta ta cinye dannin gida. Jinkar taki kuwa ta kumbura, wutar ta mutu a kanta, gero ko zangarniya ba ta taɓu ba. Baƙin ɓawon ya yi muni, sai na kankare shi tas na zubar a rafi don kada ki zo ki ga ƙazanta. Allah ya tsare.
Babanki.

Dutsin-Ma

Baba,
Ina gaisuwa, alhamdu lillahi da gero ya tsira. Amma Baba, ka gama da ni! Ƙazantar nan ita ce shaidata, ita zan auna in kai wa malamina. Na yi kuka, na koma dariya. Ba zan fasa ba, na riga na ɗora wata tukunyar, ciyawa kuma zan nemo a bakin dam ɗin Zobe. A gafarce ni.
Hafiza.

Barkiya

Hafiza,
Sallama. Kada ki nemi ciyawar kowa. Na ɗaura sabuwar jinka a fili bayan gida. Ki taho da gwangwaninki da malamin naki. Ashana na aljihuna, ni zan ƙyasta. Allah ya kawo ku lafiya.
Babanki.