Fentin Katakon Nura

Daren Laraba, Gyadi-Gyadi

Barci ya ƙi zuwa. Kwana huɗu na yi ina fentin katakona mai taya, wanda muke wasan sululu da shi a titin Daurawa. Na kwance tayoyin, na goge katakon da samfefa, na shafa baƙi, na zana shaho a cikinsa. Har ƙarafan da ke riƙe tayoyin sai da na fesa musu ruwan azurfa.

Nura kuwa, abokina da bai taɓa riƙe buroshi ba, jiya kawai ya zo shagonmu ya roƙi ragowar fenti. Ni na nuna masa yadda ake haɗa kala. Ya shafa wa nasa ruwan ɗorawa irin na adaidaita sahu, ya bi shi da zanen lallen da yayarsa take yi wa amare.

Yau da la'asar maigidana Malam Habu ya tsallake nawa ya ɗauki na Nura. Ya daɗe yana jujjuya shi.

"Wa ya yi wannan?"

Na ce, "Nura ne, Malam."

"Lallai yana da hannu. Ka ce ya zo ya same ni ranar Asabar."

Shekarata shida a shagon nan, bai taɓa ce min ina da hannu ba.

Da Nura ya zo ɗauka, na ce fentin bai bushe ba, alhali ya bushe. Ga shi nan a gabana, na haske shi da fitilar waya ina neman inda layi ya karkace. Wallahi ban samu ba.

Allah Ya raba ni da hassada. Gobe zan isar masa da saƙon Malam, amma ba da safe ba.