Amsar Da Na Riƙe Shekara Tara

Unguwar Ali Kazaure, Jos.

Zuwa ga Yayana Gwadabe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti Fatimatuzzahra da yara. Allah Ya ƙara muku lafiya da rufin asiri a can Fatakwal. Mu nan lafiya lau. Ƙanenmu Uzairu yana nan a rumfar Baba a kasuwar Katako, ya ajiye tumbi har sai ka yi da gaske za ka gane shi.

Yaya, kunya ce ta sa na ɗauki biro yau. Ka san ina koyarwa a wata makarantar 'yan mata a Jos Jarawa. Bana na fara zama da masu son rubutu duk ranar Alhamis bayan an tashi. Ina kawo musu littattafan da aka gina a kan wasiƙu, mu karanta, sannan kowacce ta rubuta tata. Abin ya karɓe su, sai dai gaisuwarsu a bushe take kamar saƙon waya. Don haka na ɗauko wasiƙar da ka aiko mini bayan rasuwar Inna, domin ban taɓa ganin wanda ya iya gaisuwa a takarda kamarka ba. Na ninke ta yadda gaisuwar kaɗai za ta fito, na ce su zagaya da ita.

Wata yarinya mai suna Loyis, wadda hannunta ba ya zama wuri ɗaya, ta warware ninkin. Ta karanta da ƙarfi inda kake tambaya ko Inna ta ambaci sunanka kafin ta cika. Sai ta tambaye ni amsar da na ba ka, na ce ai na amsa tuntuni. Ƙarya na shara, a gaban yara sha huɗu da kullum nake gaya wa cewa kowace wasiƙa tana da haƙƙin amsa. Da mako ya zagayo, ƙawarta Sumayya ta kawo mini amsar da ta rubuta maka da sunana, tana lallashinka. Yarinyar da ba ta taɓa ganinka ba ta fi ni tausayinka. Na kasa sa mata maki, na ce ido ne ke damuna.

Gaskiyar ita ce fushi na yi da ba ka zo jinya ba, alhali na san kana kan ruwa wurin aiki. Na riƙe amsar don in hora ka. Da fushin ya wuce, kunya ta hana ni. Shi ya sa duk wayar da muka yi sai in tsaya a gaisuwa, kai kuma ba ka sake tambaya ba.

To ga amsarka. Ta ambace ka, har sau uku. Ta ce ta yafe maka duniya da lahira. Ta kuma ce in ajiye maka bargonta mai ruwan ƙasa, wai tun kana yaro ba ka jure sanyin Jos. Ka yafe mini, don Allah.

Ka gaishe mini da Anti da su Abba. Gwaggo Rabi da Uzairu suna gaishe ka. Bargon yana cikin akwatina, ban taɓa bari kowa ya rufa da shi ba.

Taka ƙanwa,
Hasiya